Rigar Kaka da Ta Fito Tsanwa

Kakana na wajen uba marini ne a Kurfi. Tun da na buɗe ido na san shi, hannuwansa ba su taɓa zama kalar hannun sauran mutane ba. Daga yatsu har gwiwar hannu shuɗi ne mai duhu, faratansa kuwa sun fi ko'ina riƙe rinin. Ina ƙarama na ɗauka haka Allah ya halicce shi, har nakan tausaya wa tsofaffin da nasu hannuwan suka fito babu ado. Amaryarsa yake kirana, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce masa ba zan auri wanda zai ɓata mini tuwo da shuni ba.

Yana da ƙanwa ɗaya wadda suka fito ciki guda. Ban taɓa ganinta ba, babana ma ba ya tuna fuskarta. Ta bar Kurfi da goyon ɗanta na fari, ita da mijinta, suka nufi gabas a ƙasa da niyyar aikin hajji. Sun yi shekaru a Sudan suna aikin auduga, daga baya suka ƙetare ruwa suka zauna a Makka. Can mijin ya rasu, can 'ya'yanta suka yi aure, ita kuma ba ta sake waiwayo gida ba. Kaka bai samu ikon zuwa ba. Abin da ya rage tsakaninsu sai alhazai. Duk shekara su tafi mata da kuka da daddawa, su dawo masa da dabino da gaisuwa.

Wata shekara alhazan suka dawo da saƙon da ya fi dabino nauyi. Ta ce ƙafafunta sun daina ɗaukarta, ta cire rai da ganin Kurfi, amma ba ta cire rai da ganin yayanta ba. Maƙwabtanta duk suna da hotunan danginsu. A aiko mata da shi a hoto mai kala, ta gan shi kafin ta mutu.

Kaka bai taɓa tsayawa gaban kamara ba. Ya yi wata da watanni yana cewa zai yi tunani. Sai da damina ta sauka, aka fara maganar masu tafiya hajjin bana, sannan ya aika wa babana a Dutsin-Ma cewa ya yarda. Amma sau ɗaya zai zauna, kuma cikin rigar da ya rina da hannunsa.

Na san rigar. Ba ta fita sai ranar Sallah. Ya tsoma ta a karofi, ramin rininsa, ya fitar, ya shanya, ya sake tsomawa, har sau nawa ban sani ba. Sannan aka kai ta wajen mabuga suka yi ta bugunta da shuni har ta ɗauki sheƙi. Idan ka kalle ta kai tsaye baƙa ce. Idan ya motsa kafaɗa sai shuɗin ya taso, a bayansa kuma wani ja-ja ya gilma kamar a wuyan tantabara. Ya ce wannan rinin na ubansu ne, kuma ƙanwar tasa ta san shi, domin ita ce take daka wa uban nasu ganyen baba na rini tun tana yarinya.

A lokacin na gama makarantar horon malamai, na fara koyarwa a wata firamare a Dutsin-Ma, ina zaune gidan babana. An yi dogon hutu, ba ni da abin yi sai karance-karance da zama a bakin taga ina kallon hadari yana haɗuwa. Sai aka ɗora mini hidimar hoton.

Mai hoton garin mutumin kudu ne, Kirista, ya daɗe a Dutsin-Ma har Hausarsa ta yi laushi, sai in ya yi sauri ne take karkacewa. Shagonsa yana kusa da tasha. Matarsa tela ce, ita ke ɗinka wa mamata kaya a barandar shagon, shi ya sa babana bai damu da zuwana can ba. Malama yake kirana, ni kuma in ce masa Oga. Hoton baƙi da fari yana wanke shi da kansa a ɗan ɗakin duhun da ke bayan shago. Mai kala kuwa sai fim ɗin ya cika, ya ba direban Kano, can ne ake da injin wankinsa.

Ranar ɗaukar hoton na riga shi isa Kurfi, shi kuma ya biyo a babur da hantsi. Aka shimfiɗa buzu a jikin bangon zaure. Kaka ya fito, warin shuni da turare yana gaba da shi, ya zauna. Oga ya so ya matso kusa ya ɗauki fuska da ƙirji kawai. Kaka ya ƙi. Ya baza hannuwan rigar hagu da dama, ya gyara gabanta har ta rufe buzun, ya ce a ɗauko ta duka. Da na leƙa ta bayan kafaɗar Oga, ban ga bango ba, ban ga ƙasa ba, riga ce kawai daga gefe zuwa gefe, sai ɗan kansa a sama kamar wata a kan tafki. Kamara ta yi ƙaras. Kaka ya tambaya ko shi ke nan, aka ce shi ke nan. Ya ce ashe abin da ya yi ta gudu ke nan, ko cizon sauro ya fi shi.

Muka shiga jira. Sai da aka yi wani bikin suna a cocinsu Oga, aka yi wasan ƙwallo, wasu ma'aikata suka je shan iska madatsar ruwa ta Zobe, sannan fim ya cika. Ya tafi Kano ya dawo bayan mako biyu da 'yan kwanaki.

Oga ya miƙo mini ambulan yana murmushi, ya ce Baba, wato Kaka, ya fito fes, har gashin girarsa ana ƙirgawa. Gaskiyarsa ne. Fuskar ta fito, duk wani layi da shekaru suka zana yana nan, sai dai ta yi ɗan rawaya kamar ta mai ciwon shawara. Amma rigar ba ita ba ce. Tsanwa ce mai toka-toka, irin ruwan kududdufi idan ya kwana biyu bayan an ɗauke ruwa. Babu baƙin, babu shuɗin, babu wuyan tantabara. Na ce masa kalar ta canza. Ya karɓa ya duba, ya ce ɗan kaɗan ne, ai mutum ake kallo a hoto, ba tufa ba. Na san wanda zan kai wa.

Kaka yana da yadda yake duba rini. Ba ya dubawa a rana, ba ya dubawa a ɗaki. Da hantsi yake fitowa bakin zaure, ya tsaya a inuwa, ya ba rana baya, ya riƙe ƙyallen a tafin hannu yana karkata shi sannu a hankali. Ya ce rana tana ƙara wa rini abin da ba shi da shi, ɗaki kuma yana ɓoye masa aibi. Haka ya yi wa hoton. Ya fita da shi bakin zaure, ya karkata shi, har ya murza gefensa da babban yatsa kamar zai ji kaurin zare. Ya daɗe. Bai ko kalli fuskarsa ba.

"Amarya, wannan rigar ta wane ce?"

"Taka ce, Kaka."

"Ni ban taɓa fitar da irin wannan daga ramina ba. Wannan rinin wanda karofinsa ya mutu ne, ya ƙi yarda, ya ci gaba da tsomawa."

Na yi masa bayanin cewa laifin injin ne, kowa ya san hoto yana canza kala. Ya ce kowa a nan ya sani, ita fa da ke can? Za ta duba ta ce rinin ubansu ya ƙare a hannunsa. Na ce ai fuskarsa ta roƙa. Ya miƙo mini hoton, ya goge yatsansa a jikin wando.

"Fuska ta san ta tsufa, ba sai an gaya mata ba. Hannun ne bai tsufa ba, kuma ba zan aika mata da shaidar ƙarya a kansa ba."

Na koma Dutsin-Ma a bayan motar hatsi, ambulan ɗin a cikin mayafina don kada yayyafi ya taɓa shi. Da na gaya wa Oga, bai yi dariya ba, kuma na gode masa da hakan har yau. Ya zauna a kan benci ya yi mini bayanin injin Kano gwargwadon abin da ya sani. Ya ce injin bai san riga ba, bai san mutum ba. An koya masa ne cewa duniya gauraye take, ɗan ja, ɗan tsanwa, ɗan shuɗi. Idan ya ga hoto shuɗi ya cika shi daga gefe zuwa gefe, sai ya ɗauka kuskure aka yi, ya zuba rawaya don ya gyara. Rawayar ce ta hau fuskar Baba, ita ce kuma ta haɗu da rigar ta zama tsanwa. Da Baba ya bari an ɗauki rabinsa da bango, da injin bai tsorata ba. Ya ce amma akwai mutum a tsaye kusa da injin, yana iya hana shi idan aka gaya masa. In rubuta takarda, tunda ni ce mai Turanci mai kyau.

Na zauna da biro da takarda a teburin shagon, na rasa abin rubutawa. Na ci jarrabawar Turanci, na haddace waƙoƙinsu masu maganar teku da furanni, amma ban san sunan kalar rigar kakana ba a harshensu, a nawa ma ban sani ba. Shuɗi ba ta isa ba, baƙi ya wuce. A ƙarshe na rubuta cewa kalar sama ce bayan an idar da magariba, can ta gabas, kafin tauraro na fari ya fito, kuma tana da ɗan ja a ɓoye. Oga ya karanta, ya sosa kai, ya ƙara da nasa rubutun a ƙasa: a rage rawaya.

Bayan kwana tara hoto na biyu ya zo. Rigar ta zama shuɗiya, amma shuɗin bula, irin wanda ake sa wa fararen kaya a wanki. Fuskar kuwa ta tafi. Ta yi duhu ta koma kalar ɗinya nunanniya, idanun sun nutse, ba ka gane komai sai farin gemu. Ban kai wa Kaka wannan ba. Na je dai na roƙe shi ɗan ƙyalle, ragowar wanda aka tsoma tare da rigar. Ya ba ni ba tare da tambaya ba, ya ce amaryar zamani ta fi son ƙyalle a kan miji. Na naɗe shi a takarda, muka aika Kano tare da fim ɗin, don mutumin injin ya gani da idonsa.

Amsar ta zo da hotuna biyu da 'yar wasiƙa. Mutumin ya rubuta cewa ya yi iya ƙoƙarinsa, takardar hoto ba ta da wannan kalar a cikinta. Ga ɗaya fuska ta fito, ga ɗaya riga ta matso kusa, mu zaɓa. Ya roƙa kuma kada a sake aiko masa da ƙyallen nan, domin shunin ya kama masa yatsu, ya bar tambari a kan hotunan auren wasu mutane. Matar Oga ta yi dariya har ta tsayar da keken ɗinki. Ni ma na yi, amma ina lissafin kwanaki. Maƙwabcinmu Alhaji mai hatsi, wanda zai sake komawa hajji a shekarar kuma shi zai kai saƙon, an riga an yi masa allurar rigakafi, ana cewa ko yaushe za a kira su Kano hawa jirgi.

Oga ya ce saura dabara ɗaya. Yana da 'yan kwalabe na ruwan kala da yake shafa wa hoton baƙi da fari, ya sa wa amare jan baki, ya sa wa furen labule tsanwa. Za mu ɗauki hoton da fuskarsa ta fito, mu shafe rigar da hannu. Muka shiga cikin shagon mu uku da matarsa, a ƙarƙashin dogon ƙwan lantarkinsa mai farin haske. Ya ɗiga shuɗi a faranti, ya ɗiga baƙi, matarsa ta ce a ƙara ɗigon ja, ita ta san yadi. Takardar hoton santsi gare ta, ruwan ya ƙi zama, sai ya dunƙule kamar raɓa a kan ganyen gwaza. Ya goge da auduga, ya sake, ya hura, ya sake. Mun ɓata hoto ɗaya gaba ɗaya wajen gwaji, cikin masu duhun fuska, kafin hannunsa ya gane abin. Wajen la'asar ya ajiye buroshi, muka sa ƙyallen Kaka kusa da hoton. Wallahi sun zama ɗaya. Na ji hawaye ya taho mini.

Na ɗauka na fita baranda don in gani da kyau. Ƙyallen yana nan yadda yake, hoton kuwa ya koma kalar fure mai shuɗi da ja, irin zanen da mata ke ɗaurawa zuwa biki. Na koma ciki, suka sake zama ɗaya. Na fito, suka rabu. Na yi ta shiga da fita a ƙofar nan kamar kazar da ta rasa inda za ta yi ƙwai, ina fatan sau ɗaya dai hasken waje zai yarda da na ciki. Oga yana zaune yana kallona, yatsunsa duk kala.

"Malama, a can Makka da wane haske za ta kalle shi? Gaya mini, in gyara shi a kan wannan."

Ban sani ba. Ban san ko ɗakinta yana da taga ba, ban san ko fitila take kunnawa ko lantarki ba, ban san irin ranar ƙasar ba. Na tsaya da hoton a hannu, ina jin kamar an ce in auna ruwa da rariya.

Duk da haka na kai wa Kaka. Ya fita da shi bakin zaure da hantsi, ya karkata. Wannan karon dariya ya yi, ya ce yanzu kuma na mai da shi 'yar rakiyar amarya, saura a ɗaura masa ɗankwali. Na gaya masa Oga ya ce zai zo ya ɗauke shi baƙi da fari, a wanke a yini ɗaya, babu kalar da za ta yi ƙarya. Ya ce mai kala ta roƙa, kuma a baƙi da fari rigarsa da ta mai sayar da gawayi ɗaya suke. Na ce to a sake mai kalar, ya tsaya nesa, bango ya fito. Na san ko ya yarda fim ba zai cika ya je Kano ya dawo kafin jirgi ba, shi ma ya sani. Ya ce ya yi alkawarin zama ɗaya, ya cika. Ya mayar mini da hoton, ya ce in haɗa da sauran in ajiye inda ba zai gan su ba. A kai mata kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa kamar kullum, a ce hoto sai baɗi in Allah ya kai mu.

Baɗi. Na yi ta juya kalmar a mota har muka wuce gonakin gero da suka fara fitar da kai. Tsofaffi biyu, ɗaya ƙafa ta daina ɗauka, ɗaya yana hutawa sau biyu tsakanin gida da karofi, ana ce masu baɗi.

Da safen da Alhaji zai tafi, ni mamata ta sa in ɗaure ƙullin saƙon. Na sa kuka, na sa daddawa, na sa kuɓewa. Sai na buɗe akwatina na ɗauko hoton farko, mai rigar tsanwa da fuska fes, na sa a ambulan, na tura tsakanin ƙullin. Ban shawarci kowa ba. Na so in rubuta a bayansa cewa kalar laifin inji ce, amma ba ta karanta boko, ajamina kuma ba na rubuta wasiƙa ba ne. Sai na ce zan gaya wa Alhaji da baki.

Ƙofar gidansa cike take da masu sallama, kowa da saƙonsa, kowa da addu'ar da yake so a yi masa. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi ƙullin, na ce akwai hoto a ciki, don Allah ya gaya mata rigar ba haka take ba, injin wanki ne ya canza ta. Yana amsa mini yana amsa wa wasu mutum uku. Ya ce to, to, 'yata, in sha Allahu. Mota ta tashi.

Aka koma makaranta. Ina tsaye gaban 'yan aji ɗaya ina nuna masu kwali ina cewa wannan ja ne, wannan shuɗi ne, suna maimaitawa da ƙarfi, ni kuma ina jin kamar ina koya masu abin da ban tabbatar ba. Duk Asabar ina zuwa Kurfi. Kaka bai sake maganar hoto ba, ni ma ban tayar ba.

Bayan Babbar Sallah alhazai suka fara dawowa. Alhaji ya huta kwana kaɗan, ya ce shi da kansa zai kai wa Kaka saƙo, domin bana ba dabino kaɗai ba ne, har da kaset. Jikanta ya ɗauki muryarta. Muka tafi tare da babana, da rikodarsa da sababbin batura. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida bayan la'asar, matan gida suka zauna a gefe, Kaka a kan buzunsa. Ni aka ba rikodar, domin ni na iya maɓallanta.

Muryar ta fito siririya, tana rawa, da Hausar da ban taɓa jin irinta ba sai a bakin tsofaffin ƙauye, jefi-jefi da Larabci. Ta yi sallama, ta gai da yayanta, ta shiga gai da mutane ɗaya bayan ɗaya, rabinsu sun daɗe a ƙasa. Duk wanda ta ambata Kaka sai ya amsa a hankali, ko ya ce Allah ya jiƙansa. Ta tambayi tsamiyar bakin karofi ko tana nan. Sannan aka ji tana jan numfashi.

"Yaya, na ga hoto."

Kaka ya ɗaga kai ya dubi Alhaji, ya dubi babana, sannan ya mai da ido ƙasa. Ni bai dube ni ba. Yatsana yana kan maɓallin tsayarwa, na kasa dannawa.

Ta yi kuka sosai. Ta ce da aka buɗe ambulan ta ɗauka babansu ne aka aiko mata, kunnuwan, goshin, har yadda yake ɗage gira ɗaya. Ta ce ta ga tabon da ta yi masa da muciya suna yara, ashe bai ɓace ba. Ta ce da hoton take kwana da shi take tashi, duk wanda ya shigo sai ta nuna masa ta ce ga yayanta, ita ma tana da dangi. Matan gida suna share hawaye. Na fara jin sauƙi a ƙirjina. Sai ta yi 'yar dariya, irin ta ƙanwa mai son tsokana.

"Sai dai rigar nan, Yaya. Na ce wa mutane ba rininka ba ne, aro ka yi. In zan nuna masu, hannu nake sawa in rufe ta. In kuwa naka ne, to ka huta haka nan, ka yi aiki ya isa. Ido ne ya gaji, ba abin kunya ba ne. Baba ma da ya kai shekarunka da ya ajiye."

Ta ci gaba da wasu maganganu, ban ji su ba. Alhaji ya dafe goshi ya ce inna lillahi, yarinyar nan ta ba shi saƙo a kan rigar, cunkoso ya sa ya manta. Ya yi ta ba da haƙuri. Kaka ya ce babu komai, Allah ya karɓi ibada, ya sa aka kawo wa baƙo fura.

Da aka watse na same shi a zaure. Na durƙusa, na fara cewa ni ce, ba da sanin kowa ba. Ya ɗaga hannu.

"Ta gan ni, Amarya?"

"Ta gan ka, Kaka."

"To."

Bai ƙara ba, ranar ko bayanta. Na fi son da ya yi faɗa.

Cikin makon ya sa aka kwashe tsohon ruwan karofinsa, aka zuba sabon baba da toka. Ya sayi farin mayafi mai kyau. Duk zuwan da na yi sai in same shi a bakin ramin, yana tsomawa yana hutawa, numfashinsa yana fita da ƙyar. Babana ya yi masa magana, ya ce saƙo yake haɗawa, alhazan baɗi za su kai mata ta taɓa da hannunta. Mayafin ya yi kyau ƙwarai. Aka buge shi, aka naɗe, aka sa a ƙasan akwati.

Cikin azumi wani mai dawowa daga umara ya kawo labarin rasuwarta. Ta tafi da abin da ta gani a hoton, babu wanda ya gyara mata shi.

Bayan an share makoki, duk Asabar idan na zo sai ya ce in ɗauko rikoda. Mukan zauna mu biyu a zaure. Na san kaset ɗin kamar karatun allo, na san inda kukanta yake ƙarewa, na san ɗan shirun da ke gaban dariyar. A nan nake danna maɓalli, in ce batir ya yi sanyi, ko in ce sauran gaishe-gaishe ne. Ba ya musa mini. Mun yi makonni a haka.

Wata Asabar na kai hannu zan danna, sai na ji nasa a kan nawa, busasshe, mai sanyi.

"Bar ta ta ƙarasa, Amarya. Muryarta ce."

Na janye hannuna. Muka zauna muka saurara har ƙarshe.